Muryar Hausa, bakin Turanci: matsalar katun ɗinmu

Mai Zane Malali:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana damuna game da katun ɗin Hausa da muke ɗorawa a YouTube da TikTok. Zane yana kyau, sutura tana kyau, har aikin hula da ɗaurin ɗankwali ana fitar da su yadda ya kamata. Amma da zarar ɗan katun ya buɗe baki, sai ka ga murya daban, baki daban. Ba saɓanin lokaci kaɗai nake nufi ba. Siffar bakin ce ba ta mai Hausa ba.

Kusan dukkanmu jadawalin baki ɗaya, wato jerin zanen siffar da baki ke yi a kan kowane sauti, muke saukewa daga intanet, wanda ya samo asali daga Preston Blair, mai zanen da ya yi aiki a Disney da MGM, ya kuma fitar da littafin koyar da katun a shekarun 1940. Jadawalin ba shi da laifi, amma don bakin Ba'amurke aka tsara shi. Ku dubi hoton F da V a ciki: haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. To kowa ya tsaya gaban madubi ya ce "fara", "fita", "Fatima". Haƙorinka ya taɓa leɓe?

Autan Rigasa:
Wa alaikumus salam Yaya. Yanzun nan na gwada da kyamarar waya, leɓɓan ne suka matso kusa da juna, iska ta bi ta tsakani, haƙori bai fito ba. Amma Yaya don Allah wa zai lura da wannan? Ni a FlipaClip, manhajar zanen katun ta waya, nake aiki, da yatsa. Baki uku gare ni: rufe, rabi, buɗe. Masu kallona a waya suke kallo, wasu ma sai an turo musu ta WhatsApp bayan hoton ya dusashe. Labari suke bi. Idan labarin ya yi daɗi ba wanda zai tsayar da bidiyo ya duba haƙori.

Kuma katun ɗin Japan da duniya take kallo, yawancinsu baki ukun nan ne, kuma galibi sai an gama zane ake ɗora murya.

Mai Zane Malali:
Ƙanena, ban raina baki uku ba. Wanda ya iya baki uku ya fi wanda ya tara goma yana jefa su barkatai. Abin da nake cewa, idan har za ka ƙara na huɗu da na biyar, to ka ƙara waɗanda bakinmu yake yi.

Injiniya Kakuri:
Auta, mutane suna lura, sai dai ba su san sun lura ba. A 1976 wasu masu bincike biyu a Ingila, Harry McGurk da John MacDonald, sun ɗora sautin "ba" a kan hoton bakin da yake cewa "ga". Da yawa daga cikin waɗanda aka nuna wa suka ce "da" suka ji. Ido yana sa baki a abin da kunne yake ji. Shi ya sa mai kallo zai ce maka "katun ɗin nan bai zauna mini ba", ka tambaye shi dalili ya rasa. Sau da yawa dalilin yana kan baki.

Malamar Hausa T/Wada:
Salamu alaikum. Ni ba mai zane ba ce, ina dai rubuta wa ɗalibaina labarai suna mayarwa katun, amma wannan magana ta shigo fagena, ku ba ni dama.

Abin da Malam na Malali ya gani haka yake. A nazarin tsarin sauti, "f" ta Hausa baleɓiya ce, wato leɓɓa biyu ne suke yin ta, kamar "b" da "ɓ" da "m", sai dai ita ba a rufe leɓɓan ruf. Shi ya sa wani zai ce "Fatima" ka ji kamar "Patima", Basakkwace kuma ya ce "hwara" a inda Bakano ya ce "fara".

Amma akwai abin da ya fi wannan girma. Rubutu ba ya nuna duk abin da baki yake yi. Ku ce "gidan Bala" da saurin magana ta yau da kullum. A takarda "n" ce, a baki "gidam Bala" ne. Haka "an ba ni", "am ba ni" ake faɗa. "Sun mutu", "sum mutu". Naso muke kiransa. Leɓɓa sun riga sun rufe tun kafin a kai ga "b" ɗin, don haka rufewar tana daɗewa fiye da yadda mai bin rubutu zai zata.

Sai kuma akasinsa, wanda ya fi ba mutane mamaki. Ku saurari yadda yawancinmu muke ƙare magana da "malam", ko "mutum", ko "kullum". Yaro ya ɗaga hannu a aji ya ce "Malam!", ku dubi bakinsa. A buɗe yake. Sautin ta hanci ya fita, bayan harshe ne ya tashi, leɓe bai haɗu ba. Wanda ya ga "m" a rubuce ya rufe bakin ɗan katun, ya zana abin da mai muryar bai yi ba. Amma a "Malam Bala" sai an rufe.

Autan Rigasa:
Malama wallahi ban taɓa jin wannan ba. Ina ta maimaita "kullum" a nan, bakina a buɗe yake ƙarewa.

Ɗan Barnawa:
Ku yi haƙuri in kawo gyara kaɗan. A ce "bakin mai Hausa" kamar guda ɗaya ne, ban yarda ba, musamman a garin nan namu na Kaduna. Ni Hausa na tashi da ita a Barnawa, da ita muke magana a gida da kasuwa da coci. Ni "f" ɗina da haƙori nake yin ta, haka abokaina na Sabon Tasha da Narayi. Kuma "malam" ina rufe baki a ƙarshe. Har 'yan bokon Unguwar Rimi da yawa haka suke yi, saboda Turanci ya zauna musu a baki. Idan muka fitar da jadawali muka ce wannan ne na Hausa, sauran kuskure ne, to mun maimaita abin da muke kuka da shi.

Malamar Hausa T/Wada:
Ka yi gaskiya ɗan'uwa, kuma ban ce naka kuskure ba ne. Kaduna ta tara Bazazzagi, Bakano, Bakatsine, Basakkwace, ga waɗanda Hausa ce harshensu na biyu ko na uku kuma sun iya ta sarai. Abin da na kawo misali ne na cewa takarda ba abin dogaro ba ce. Mai muryar ne abin dogaro.

Mai Zane Malali:
Ɗan Barnawa, ka buɗe mana wata ƙofa mai kyau. Ka ɗauka kana da mutum biyu a labari, dattijo mai sayar da goro a Kasuwar Barci da matashiya ma'aikaciyar banki a titin Ahmadu Bello. Ka ba dattijon "f" ta leɓɓa, ita ka ba ta mai haƙori. Ko an kashe sauti mai kallo zai ji a jikinsa cewa mutanen nan ba wuri ɗaya suka fito ba. Wannan shi ne zanen hali, ba sai a tufafi kaɗai ba.

Sadaukin Kawo:
Ni tambayata, me ya sa muke wahalar da kanmu alhali akwai manhajar da ke yin aikin da kanta? Adobe Animate tun 2018 yana da wurin da za ka ba shi siffofin baki 12, ka ɗora sauti, ya jera maka su. Minti ɗaya na katun, idan kana canza zane sau 12 a sakan, wuri 720 ke nan da za ka duba. Ga wuta da ba ta zama, ga kuɗin man janareto. Wa ke da wannan lokacin?

Injiniya Kakuri:
Sadauki, ka yi amfani da ita, amma ka san me take yi. Bari in ɗauki na kyauta tunda su ne yawancin 'yan zauren nan za su iya samu. Papagayo, rubutun maganar kake shigar masa, ya farfasa kalmomi da ƙamus ɗinsa. Kalmar da bai sani ba, kai zai tambaya ka zaɓa masa sautukan da hannu. Ka ga da Hausa kusan kowace kalma sai ka yi hakan, kuma idan rubutu ka bi, ka faɗa ramin da Malama ta nuna. Rhubarb Lip Sync kuwa yana da hanyoyin sauraro biyu. Ta farko Turanci kaɗai ta sani, idan ka ba ta Hausa za ta yi ta laluben kalmomin Turanci a ciki. Ta biyu sautuka take bi ba kalmomi ba, ita ce ta dace da mu, duk da ba ta kai ta farkon daidaito ba.

Abin da nake yi, in bar manhaja ta yi jerin farko, sannan in bi da kunne in gyara wurare biyu kawai: duk inda leɓɓa suka rufe, da duk inda suka zagaye. Sauran ko an ɗan kauce ido yana yafewa. Amma a ce "Baba" baki bai rufe ba, wannan ko yaro ɗan shekara huɗu zai gani.

Sadaukin Kawo:
To siffofi nawa ke nan suka wadatar? Goma na Blair, ko 12 na Adobe?

Mai Zane Malali:
Ni a wurina shida sun isa, kuma ba ni na ƙirƙiro adadin ba. William Hanna da Joseph Barbera, waɗanda suka yi Tom and Jerry, da suka buɗe kamfaninsu a 1957 suka koma yi wa talabijin aiki, kuɗi kaɗan lokaci kaɗan. Sai suka rage zane: jiki ya tsaya cak, kai da baki su yi motsi. Shi ya sa za ka ga dabbobinsu da yawa sanye da kwala ko laktaye, don a raba kai da gangar jiki ba tare da an ga mahaɗar ba. Siffofi shida na asali da Rhubarb yake amfani da su daga tsarinsu aka ɗauko. Halin da suka shiga shi ne namu, don haka darasinsu ya fi mana amfani fiye da na fina-finan silima masu ɗaruruwan ma'aikata.

Nawa shidan ga su. Rufe ruf, don b da ɓ da m. Kusan rufe da 'yar kafa a tsakiya, don f. Haƙora a kusa, leɓɓa a ɗan baje, wannan shi ke ɗaukar i da yawancin baƙaƙe, su s, t, d, ɗ, ts, k, ƙ, domin abin da ya bambanta su a cikin baki da maƙogwaro yake faruwa, ido ba ya gani. Sai rabin buɗewa don e da gajeren a, sai buɗewa sosai don dogon a, sai zagaye don o da u da w. Idan hali ya yi ka raba zagayen gida biyu, babba da tsukakke. Bakin hutu kuma daban nake ajiye shi, kada a haɗa shi da na "m", domin na "m" a matse yake, na hutu a sake.

Malamar Hausa T/Wada:
Na ji daɗi da ka raba gajeren a da dogo. "Gari" da ake zama a ciki da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, amma a na biyun baki yana daɗewa a buɗe. Haka baƙi mai nauyi: "Baba" da "babba", "daba" da "dabba". A "babba" leɓɓa suna manne na ɗan lokaci kafin su saki. Ku ba shi haƙƙinsa.

Game da zagaye kuma, kada a jira wasali. A "kwana", "gwanda", "ƙwai", leɓɓa sun zagaye tun kafin sautin ya fito. Har a "kuɗi" da "goro" da "ƙofa", inda ba a rubuta w ba, haka ne.

Injiniya Kakuri:
Wannan ya kawo mu kan lokaci, wanda a ganina ya fi siffa muhimmanci. Baki ya riga murya, kada murya ta riga baki. Mun saba da hakan tun muna yara: ka hango mace tana daka daga nesa, taɓarya ta sauka, sannan ka ji "dum". Haske ya fi sauti gudu, sauti kusan mita 340 yake ci a sakan. Don haka ƙwaƙwalwa tana haƙuri da sautin da ya makara, amma ba ta haƙuri da wanda ya yi gaba. Ma'aunin da ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar wa talabijin ya nuna ana fara ganewa idan sauti ya riga hoto da kusan kashi 45 cikin 1000 na sakan, amma idan makara ya yi sai ya kai wajen kashi 125. A firem 24 cikin sakan, wato hotuna 24 da ke wucewa ɗaya bayan ɗaya, firem ɗaya kusan kashi 42 ne. Ka ga sauti ya yi gaba da firem ɗaya kacal ya kusa isa a kama ka.

Saboda haka bayan ka gama jera baki, ka ja layin bakin gaba ɗaya ya riga sauti da firem ɗaya ko biyu. Kuma rufewar b da m kada ta gaza firem biyu, in ba haka ba ido ba zai kama ta ba. Ta "babba" ka ba ta uku ko huɗu.

Autan Rigasa:
Injiniya, ni abin da ke faruwa da ni, a waya komai daidai, in na tura wa abokina sai ya ce bakin ya makara.

Injiniya Kakuri:
Da wane abin sauraro kake aiki?

Autan Rigasa:
Na Bluetooth.

Injiniya Kakuri:
To ga shi nan. Na Bluetooth yana jinkirta sauti, sau da yawa fiye da kashi ɗaya cikin goma na sakan. Kai kana daidaita baki da sautin da ya iso kunnenka a makare, shi kuma abokinka yana ji ta lasifikar waya a kan lokaci. Nemi mai igiya, ko mai araha ne. Kuma ka riƙa kallon zanen igiyar sautin a kan allo, inda ya tsuke ya kusa ɓacewa kafin ya fashe, nan ne b take. Masu kwamfuta ku yi aiki da fayil ɗin sauti na WAV maimakon MP3, don MP3 yakan ƙara ɗan shiru a farko. Masu Animate kuma ku tabbata saitin sautin yana kan Stream ba Event ba, in ba haka ba zai yi tafiyarsa, hoto ya yi tasa.

Maman Yara U/Rimi:
Ni uwa ce, 'ya'yana ne suke kallon abin da kuke yi, shi ya sa nake zauren nan. Roƙona a kan kamannin bakin ne, ba motsinsa ba. Don Allah ku daina yi wa baƙar fata manyan leɓɓa jajaye ko ruwan hoda masu zagaye fuska. Wannan zane yana da mummunan tarihi, da shi aka riƙa yi wa baƙar fata izgili a tsofaffin katun da wasannin dandamali na Amurka. Raina yana ɓaci in na ga ɗanmu ya zana mu haka da hannunsa, don kawai abin da ya samu a intanet ke nan. 'Yata ta taɓa tambayata ko haka bakinta yake.

Ku dubi mutanen gidanku mana. Leɓen sama yakan fi fata duhu kaɗan, na ƙasa ya ɗan fi haske. Akwai mai wushirya, wadda mu a wurinmu ado ce. Akwai Hajiya mai haƙorin Makka da ke walƙiya in ta yi dariya. Akwai tsoho mai jan goro a haƙora, akwai kaka da bakinta ya shige ciki don haƙoran sun zube. Ban taɓa ganin ko ɗaya a katun ɗinku ba, kowa fararen haƙora a jere.

Mai Zane Malali:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Maganarki ta fi duk abin da muka faɗa nauyi. Ga masu zane: ɗauki launin fatar, ka rage masa haske kaɗan, shi ne leɓen sama. Sau da yawa ma layi ɗaya da 'yar inuwa a ƙarƙashi sun wadatar. Cikin baki kuma kada a sa baƙi wuluk a kan fata mai duhu, bakin zai ɓace a ƙaramin allo. Ja mai duhu ya fi, da ɗan harshe, sai farin haƙoran sama su raba.

Wushirya ba ta da wahala ko kaɗan, layi ɗaya ne a tsakiyar haƙoran sama. Sharaɗin kawai, haƙoran sama ba sa motsi, a manne suke da ƙoƙon kai. Muƙamuƙin ƙasa ne ke sauka. Wanda ya bar wushirya tana yawo hagu da dama daga siffa zuwa siffa, fuskar za ta riƙa rawa.

Ɗan Barnawa:
Wannan batu na muƙamuƙi shi ne abin da na fi gani a ayyukanmu. Ana liƙa baki a kan fuskar da ba ta motsi, haɓa tana nan inda take ko da an ce "Wayyo Allah". A manhajar Blender ko Moho abu ne mai sauƙi ka sa haɓa a leya daban, wato shimfiɗar zane tata ita kaɗai, ta riƙa sauka kaɗan a manyan wasula. Kuma kada a canza baki a kan kowane harafi, sai ya riƙa karkarwa kamar murfin tukunyar da ke tafasa. Gaɓa ake bi, wani lokaci ma a tsallake ƙananan a nufi wadda aka danna.

Autan Rigasa:
Har yanzu dai ina kan bakana a abu ɗaya, Yaya. Tom and Jerry da ka ambata kusan ba sa magana, amma ba gidan da ba a san su ba. Ni na fi ganin a sa ƙarfi a ido da gira da kafaɗa. Bahaushe ma ai rabin maganarsa ba da baki yake yi ba. Tsaki, harara, taɓe baki, riƙe haɓa in an yi mamaki, yarinya ta ja gyale ta rufe fuska don kunya. Ba jadawalin da ke da taɓe baki.

Mai Zane Malali:
A nan ba ni da ja, Auta. Taɓe baki da tsaki su shiga jerin, su zama na bakwai da na takwas. Tsaki ma sai ka lura da kyau: haƙora a haɗe, leɓɓa su ɗan turo gaba ko su karkace gefe guda, iska ta shiga ciki. Amma ka ƙara zagaye a kan ukunka ka gani, zane ɗaya ne tak, kuma Hausa cike take da o da u a ƙarshen kalma: zo, dawo, tuwo, hannu, mutu.

Sadaukin Kawo:
To mai gemu fa? Ina da wani liman a labarina, gashin baki da gemu sun rufe komai.

Ɗan Barnawa:
Ka huta ke nan. Gashin baki ya zauna a leyarsa a sama, ba ya motsi sai ɗan ɗagawa a manyan sautuka. Gemu ka haɗa shi da haɓa su riƙa sauka tare. Tsakaninsu siffa uku sun isa, amma zagayen ka nuna shi ta hanyar tsuke faɗin ramin. Abin da za ka kiyaye shi ne tsayawar gemun daidai kan b da m, don shi mai kallo zai bi tunda ba ya ganin leɓe.

Malamar Hausa T/Wada:
Ina da shawara. Zan rubuta jimloli kamar goma da suka tattara duk abin da muka ambata, irin su "Malam Bala ya ba babban ɗansa kuɗin goro" da "An fara kwana a gidan Fatima". Duk mai so ya ɗauki bidiyon bakinsa yana faɗa, daga hanci zuwa haɓa kawai, da saurin magana ta gaske, ba ta karanta labarai ba. Mu samu na Rigasa, na Barnawa, na Kawo, da na wanda ya tashi a Zariya ko Sakkwato. Masu zane su tsayar da shi firem bayan firem su zana abin da suka gani.

Injiniya Kakuri:
Madalla. A ɗauka da hasken rana, fuska tana kallon taga, waya a jingine kada a riƙe da hannu. A tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin a fara, da wannan tafin za mu gane ko sauti da hoto sun saɓa. Kuma a turo shi a matsayin fayil, kada WhatsApp ya matse shi.

Maman Yara U/Rimi:
Malama, a sa sharaɗi tun yanzu: bidiyon ba zai fita daga zauren nan ba, kuma ba a ɗaukar yaro ko matar wani sai da izini. In an amince da haka, zan roƙi surukata ta faɗi jimlolin, Bakatsiniya ce kuma tana da haƙorin Makka.

Malamar Hausa T/Wada:
An amince, Hajiya. Zan turo jimlolin bayan Isha'i in sha Allah. Ɗan Barnawa, ka ƙara mini biyu da irin Hausarku ta kasuwar Sabo, kada in rubuta muku ta aji.